MAHATMA GANDHI: BAƘON DA KOWA YA SO YA JA SHI ZUWA ADDININSA

Duk wanda ya zauna a Jimeta a zamanin Jihar Gongola ya san Indiyawa iri biyu. Akwai na majigi, waɗanda samari kan yi tururuwa zuwa silima su gan su suna rawa da waƙa, akwai kuma na zahiri, watau malaman lissafi da kimiyya da likitocin da gwamnati ta ɗauko aiki. Mutane da yawa kan yi musu kuɗin goro, a ce duk masu bautar saniya ne, alhali kuwa a cikinsu akwai 'yan Hindu, da Musulmi, da Kirista, da masu rawani da gemun nan da ake kira Sikh. A ƙidayar da aka yi a Indiya cikin 1911 da ta 2011 duka 'yan Hindu ne suka fi rinjaye, a ta bayan nan sun kusa kashi 80 cikin ɗari, Musulmi kashi 14, Kirista kuwa kashi 2 da 'yar ɗoriya.

Ba'indiyen da ya fi kowa suna a duniya, Mohandas Karamchand Gandhi, a tsakanin waɗannan addinai ya ƙare rayuwarsa, kowa yana jansa, kuma maganar addini ce ta zama ajalinsa. Wannan ja-in-ja kuwa a baƙunta ta same shi, ya je neman abinci ƙasar wasu, kamar dai yadda mai karatu ke zaune a Agege, ko Sabo a Badun, ko Fatakwal.

An haife shi ran 2 ga watan Oktoba, 1869, a Porbandar, wani gari na bakin teku a ƙasar Gujarat. Ubansa Karamchand shi ne Wazirin Sarkin garin, daga baya ya koma Rajkot. Uwarsa Putlibai mace ce mai yawan azumi da alwashi. Gidan Waziri ba ya rabo da baƙi, malaman addinin Jain, waɗanda ba su kashe ko kiyashi, da abokai Musulmi, da Farsi masu bin addinin Majusu, kowa ya zo ya faɗi nasa, yaro yana gefe yana jinyar ubansa yana saurare.

Addini ɗaya ne ya tashi yana ƙi, shi ne na Kirista. Dalili kuwa, ya ce 'yan mishan kan tsaya a wata kwana kusa da makarantarsu suna zagin gumakan Hindu, sa'an nan ya ji ana raɗe-raɗin wai wani da ya shiga addinin an sa shi cin naman shanu da shan giya da sa tufafin Turawa. Da ya buga wannan labari bayan shekara kusan arba'in, wani Rabaran Scott da ya yi aiki a Rajkot a lokacin ya rubuto ya musanta. Ko ma dai yaya aka yi, abin da ya zauna a zuciyar yaron shi ne shiga addinin Kirista zama Bature ne.

An yi masa aure yana da shekara 13, da wata yarinya tsararsa mai suna Kasturba. Cikin 1888 ya so tafiya Ingila karatun lauya, uwar ta ce ba ta san zance ba, sai da ya yi rantsuwa a gaban wani malamin Jain cewa ba zai taɓa nama ba, ba giya, ba mata. Dattawan danginsa a Bambai kuwa suka ce ƙetare teku haramun ne, ya ƙi ji, suka fitar da shi daga dangi. Ran 4 ga Satumba ya shiga jirgi.

Abin mamaki, a Landan ya fara karanta babban littafin addininsa, watau Gita, kuma da Turanci, wasu Turawa biyu 'yan'uwan juna suka sa shi, ya ji kunya ƙwarai da ya ga sun fi shi sanin nasa. Nan kuma wani Kirista mutumin Manchester ya haɗa shi da Littafi Mai Tsarki. Tsohon Alkawari barci ya riƙa sa shi. Amma da ya iso Huɗubar Kan Dutse, inda Annabi Isa, alaihis salam, ya hana rama mugunta da mugunta, sai abin ya ratsa shi, bai kuma rabu da shi ba har mutuwa. Ya kuma karanta abin da Thomas Carlyle ya rubuta a kan Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, ya ga jarumtaka da gudun duniya. Ya zama lauya cikin Yuni 1891, ya komo gida ya tarar uwarsa ta riga ta rasu, an ɓoye masa.

ZAMAN AFIRKA TA KUDU

Aikin lauya bai karɓe shi a Bambai ba, domin kunya ce da shi, a shari'arsa ta farko ya tashi zai yi magana bakinsa ya mutu. Ana nan sai wani attajiri Musulmi ɗan garinsu, Dada Abdullahi, wanda ke kasuwanci a Durban, ya nemi wanda zai taimaka masa a wata shari'a ta fam 40,000 tsakaninsa da wani ɗan'uwansa. Ladan shekara guda fam 105 ne, da kuɗin jirgi. Gandhi ya tafi cikin Afrilu 1893 da niyyar shekara ɗaya, ya yi ashirin da ɗaya.

Tun makon farko aka nuna masa matsayinsa. A kotun Durban majistare ya ce ya tuɓe rawaninsa, ya ƙi, ya fita. Ran 7 ga Yuni da dare, yana kan hanyar Firitoriya da tikitin faskila a hannunsa, wani Bature ya ce ba zai zauna da mai launin fata ba. Aka ce ya koma taragon kaya, ya ƙi, ɗan sanda ya jefo shi da kayansa a tashar Pietermaritzburg, ya kwana yana makyarkyatar ɗari.

To, a Firitoriya lauyan da ke riƙe da shari'ar, Mista A. W. Baker, mai wa'azi ne kuma jigo a wata ƙungiyar mishan. Tun ganin farko ya tambayi Gandhi addininsa. Gandhi ya gaya masa gaskiya, shi ɗan Hindu ne ta haihuwa, amma bai san addinin sosai ba, bai ma san inda ya tsaya ba. Ga mai wa'azi wannan amsa faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Baker ya gayyace shi addu'ar da suke yi kullum da ƙarfe ɗaya na rana, ya je, suka durƙusa ya durƙusa, ya ji ana roƙon Allah ya buɗe zuciyar sabon ɗan'uwa. Wasu mata biyu suka riƙa kiransa shan shayi ran Lahadi. Wani saurayi kuma, Michael Coates, ɗan ɗariƙar Quaker, ya riƙa loda masa littattafai har suka cika masa kanta.

Mutanen nan ba mayaudara ba ne, son sa suke tsakani da Allah, kuma a gari inda Ba'indiye ba shi da ikon bin gefen titi su ne suka buɗe masa ƙofa. Ran da wani mai gadi ya hankaɗe shi ya shure shi kusa da gidan Shugaba Kruger, Coates ne ya zo wucewa a kan doki, ya ce zai tsaya masa shaida in zai kai ƙara. Wannan ne ma ya sa abin ya yi wa Gandhi nauyi, don kowa ya san ture hannun maƙiyi ya fi ture na masoyi sauƙi. Wata rana Coates ya ga wani siririn carbi na itacen tulsi a wuyansa, ya ce camfi ne, ya kawo a tsinke. Gandhi ya ƙi. Ya ce ba wai ya gaskata zai kare shi daga wani abu ba ne, uwarsa ce ta rataya masa, in ya tsinke don kansa ba zai nemi wani ba, amma ba zai sa hannu ya tsinke ba.

Baker bai fid da rai ba, ya ɗauke shi zuwa wani babban taron farkawa na kwana uku a Wellington, wanda shahararren Rabaran Andrew Murray ya shugabanta. A hanya Baker ya sha wahala kafin masu masauki su yarda su karɓi baƙon nasa saboda fatarsa. Gandhi ya yaba da ibadar mutanen, waƙoƙinsu suka yi masa daɗi, amma ya komo yadda ya je. Ya ce ya yarda Isa babban malami ne wanda ya ba da ransa, amma hankalinsa bai ɗauki cewa shi kaɗai ne ɗan Allah ba, ko kuwa jininsa ya wanke zunubin duniya. Kada mai karatu Musulmi ya yi saurin cewa ashe namu ne, don hujjarsa dabam ce, shi a ganinsa in Allah yana da 'ya'ya to kowa ma ɗansa ne. Wani mai wa'azi ya ce masa mutum ba ya iya barin zunubi, sai dai a ɗauke masa hukuncinsa. Gandhi ya ce shi ba tsira daga hukunci yake nema ba, tsira daga zunubin kansa yake nema.

A ɗaya gefen kuma Dada Abdullahi bai yi shiru ba, kullum yana nuna masa kyawun Musulunci, har Gandhi ya sayi fassarar Alƙur'ani ta George Sale ya shiga karatu. Nasa addinin ma bai gamsar da shi ba, domin ya kasa gane yadda za a ce miliyoyin mutane najasa ne tun daga haihuwa, ba a taɓa su, ba a shan ruwa rijiya ɗaya da su. Da abin ya cushe masa sai ya rubuta tambayoyi 27 ya aika wa wani mai sayar da lu'ulu'u a Bambai, Raychand, mabiyin addinin Jain wanda bai girme shi da fiye da shekara biyu ba. Amsa ta zo cikin 1894, ya yi haƙuri, ya fara zurfafa a nasa tukuna kafin ya yanke hukunci. Shawarar da ya bi ke nan. A wannan lokaci kuma ya karanta littafin Tolstoy, mutumin Rasha, wanda ya ce ainihin koyarwar Isa ita ce ƙin amfani da ƙarfi, kuma coci-coci sun yi watsi da ita. Saboda haka Gandhi ya ɗauki Isa ya bar coci, ya zauna a addinin uwarsa.

Gwagwarmayar da ta fid da sunansa ma da rantsuwar Musulmi ta fara. Ran 11 ga Satumba, 1906, Indiyawa wajen 3,000 suka taru a wani gidan wasa a Johannesburg a kan dokar da ta ce kowa ya je ya dangwala yatsu a ba shi takardar shaida. Wani dattijo, Haji Habib, ya miƙe ya rantse da Allah ba zai bi dokar ba, jama'a suka bi shi. Daga nan aka sami abin da Gandhi ya sa wa suna Satyagraha, watau riƙo da gaskiya, a ƙi bin dokar zalunci, a yarda a sha ɗauri, amma ba a ɗaga wa kowa hannu. Cikin Fabrairu 1908, bayan ya yi sulhu da Janar Smuts, wani Bapatane mai suna Mir Alam ya ga kamar an sayar da su, ya tare shi a titi ya yi masa dukan kawo wuƙa. Wanda ya ɗauke shi ya kai gidansa ya yi jinyarsa kuwa Rabaran Joseph Doke ne, faston Baftis, wanda daga baya ya zama na farko da ya rubuta tarihinsa. Gandhi ya ce kada a hukunta Mir Alam. Da Smuts ya saɓa alkawari, a harabar Masallacin Hamidiyya aka tara takardun nan fiye da 2,000 cikin wata babbar tukunya, aka zuba kananzir aka cinna wuta.

Cikin Maris 1913 wani alƙali mai suna Searle ya yanke hukuncin da ya nuna auren da aka ɗaura bisa addinin da ya yarda da mace fiye da ɗaya ba aure ba ne a idon doka. Watau matan Musulmi da na Hindu duk sun zama dadiro, 'ya'yansu kuma ba gado. Kasturba da kanta ta fito, aka ɗaure ta wata uku. Cikin 1914 gwamnati ta sauko.

Akwai tabo a wannan zama nasa wanda bai kamata a ɓoye wa ɗan Afirka ba. A shekarunsa na farko Gandhi ya rubuta kalmomin raini a kan baƙar fata, kuma kukansa shi ne kada a haɗa Ba'indiye da su, ba wai a daina zaluntar kowa ba. Daga baya harshensa ya sake, har shugabanni irin su Kwame Nkrumah da Malam Aminu Kano suka ɗauki darasi daga hanyarsa. Amma ba a manta ba, cikin Disamba 2018 Jami'ar Ghana ta cire gunkinsa daga harabarta saboda waɗannan kalmomi.

RIGIMARSA DA 'YAN MISHAN

Ya koma Indiya cikin 1915. Labarin yadda ya girgiza mulkin Ingilishi, da saƙar hannu, da tafiyar gishiri ta 1930, sananne ne. Ya goyi bayan Musulmin Indiya a kan maganar Halifancin Santambul, kuma da faɗa ya ɓarke tsakanin Hindu da Musulmi cikin 1924 ya fara azumin kwana 21 a gidan Maulana Muhammad Ali a Delhi. Azumin nasa ba mai sahur da buɗa-baki ba ne, ruwa kaɗai yake sha dare da rana. Likitoci Musulmi ke duba shi, amininsa Rabaran C. F. Andrews ke jinyarsa, ran da zai karya kuma sai da aka karanta Alƙur'ani, aka rera waƙar Kirista, aka karanta littafin Hindu. Cikin Disamba 1931 ya biya ta Rum, Paparoma bai ba shi damar ganawa ba, amma ya daɗe tsaye gaban wani gicciye a fadar, abin ya taɓa shi ƙwarai.

Duk da haka bai taɓa yarda da aikin jawo mutane su sake addini ba, kuma wannan magana mutanen Adamawa sun san ta ciki da bai. Cocin 'Yan'uwa na Amurka, wanda ya kafa tasha a Bulsar cikin ƙasar su Gandhi ta Gujarat a 1895, shi ne ya aiko Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadarsu ta farko ƙarƙashin wata tsamiya a Garkiɗa cikin Maris 1923, aka bi da makaranta da asibitin kutare. Likita Niels Bronnum na Danmak ma da akwatin magani ya sauka Numan a 1913. Abin da Gandhi ke cewa shi ne asibiti da makaranta alheri ne, amma in an maishe su ƙugiya to an ɓata alherin. A ganinsa mai addinin kirki kamar turare yake, ba ya bukatar mai shela, kuma aikin kowa shi ne ya gyara nasa, Kirista ya zama Kiristan ƙwarai, Musulmi Musulmin ƙwarai.

Maganar tana da daɗin ji, amma ba kowa ta yi wa daɗi ba. Dokta Ambedkar, shugaban mutanen nan da ba a taɓawa, ya tsaya a wani gari mai suna Yeola, ba Yolar Lamiɗo ba, cikin Oktoba 1935, ya ce an haife shi ɗan Hindu ba da zaɓinsa ba, amma ba zai mutu a haka ba. Bishop Azariah, Ba'indiye na farko da ya zama bishop a cocin Angalika, shi ma ya ja da Gandhi, ya ce wanda aka hana shiga ɗakin ibada da rijiya yana da ikon neman inda za a karɓe shi. Gandhi ya yi azumi, ya yi yawo ƙasa-ƙasa don a buɗe musu waɗannan wurare, amma ya kuma ce talakawan nan ba su da wayewar da za su auna addinai su zaɓa. A nan kam ya yi rauni. Dattijon Bachama ko na Bura da ya tashi a makarantar mishan ba zai yarda a ce masa bai san abin da ya zaɓa ba, haka nan ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya da ya musulunta a Jimeta. Ambedkar ya cika alkawarinsa a 1956, ya shiga addinin Buda tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa.

A cikin gidansa ma abin bai zo masa da sauƙi ba. Cikin 1926 ɗansa na biyu, Manilal, ya so auren wata Musulma a Afirka ta Kudu, uban ya hana, ya ce dole ɗaya ya bar addininsa, shi kuwa bai yarda a bar addini don aure ba. Babban ɗan, Harilal, wanda ya daɗe da ɓatawa da uban a kan hana shi karatun lauya, ya faɗa shaye-shaye da bashi, cikin Mayu 1936 ya musulunta a Bambai ya ɗauki sunan Abdullahi. Gandhi ya rubuta wa abokansa Musulmi cewa in har da zuciya ɗaya ya yi, ya kuma bar giya, to Abdullahi da Harilal duk ɗaya ne a wurinsa, amma yana zaton talauci ne ya kai shi. Shekarar ba ta ƙare ba Harilal ya koma Hindu.

ƘARSHE

Da mulkin kai ya matso, Muhammad Ali Jinnah ya tsaya kai da fata sai an ba Musulmi ƙasarsu. Cikin Agusta 1946 aka yi kashe-kashe a Kalkata, wutar ta haura Noakhali inda aka far wa 'yan Hindu, ta koma Bihar inda aka far wa Musulmi. Gandhi yana da shekara 77 ya bi ƙauyukan Noakhali da ƙafa, ba takalmi, sa'an nan ya wuce Bihar. Ran 15 ga Agusta, 1947, ana shagalin 'yanci a Delhi, shi yana Kalkata cikin wani kangon gidan Musulmi tare da Suhrawardy, mutumin da 'yan Hindu ke ɗora wa alhakin jinin bara. Rabuwar Indiya da Pakistan ta raba mutum fiye da miliyan 10 da gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya.

A taron addu'arsa na kowace yamma akan karanta ayoyin Alƙur'ani tare da na Gita. Wasu 'yan Hindu suka fara tashi suna cewa ba su yarda ba, shi kuwa ya ce in ba za a karanta Alƙur'ani ba to ba za a karanta kome ba, akwai ranakun da aka watse ba a yi addu'ar ba. Ran 13 ga Janairu, 1948, ya shiga azuminsa na ƙarshe, sai an daina korar Musulmin Delhi, an mayar musu da masallatan da aka ƙwace. Cikin kwanakin nan gwamnatin Indiya ta saki rupi miliyan 550 na rabon Pakistan da ta riƙe. Ran 18 shugabanni fiye da ɗari suka sa hannu, Maulana Azad ya miƙa masa ruwan lemo. Bayan kwana biyu aka tayar da bam a wurin addu'ar, ya ƙi yarda 'yan sanda su riƙa laluben masu shigowa. Ran 27 ga wata ya ziyarci hubbaren waliyyi Ƙuɗubuddin Bakhtiyar Kaki, wanda aka lalata a rikicin.

Ran Juma'a 30 ga Janairu, da ƙarfe biyar da 'yan mintoci na yamma, yana tafiya wurin addu'a a gidan Birla dafe da 'yan mata biyu na danginsa, wani mutum ya fito daga cikin jama'a ya sunkuya kamar mai gaisuwa, ya ɗirka masa harsashi uku. Aka gaggauta sanarwa a rediyo cewa maharbin ɗan Hindu ne, don kowa ya san abin da zai auku in aka zaci Musulmi ne. Sunansa Nathuram Godse, kuma ya gaya wa kotu laifin Gandhi shi ne fifita Musulmi. Jinnah a saƙon ta'aziyyarsa ya lissafta shi cikin manyan mutanen da al'ummar Hindu ta haifa. Washegari aka ƙone gawarsa a bakin kogin Yamuna bisa al'adarsu. Harilal ya bi shi cikin Yuni na wannan shekara, a wani asibiti a Bambai. Manilal da ƙanensa Ramdas sun roƙi gwamnati kada a kashe Godse, tun da ubansu bai yarda da hukuncin kisa ba, aka ƙi, aka rataye shi tare da abokin shirinsa Narayan Apte a kurkukun Ambala ran 15 ga Nuwamba, 1949.